Zobban da Iya Ta Turara

Iya ta daina jin ƙamshi ne bayan mun zauna a Gombe. Wani zazzaɓi mai haɗe da mura ya kwantar da ita, da ya tashi tafiya sai ya tafi da hancinta. Ba ta gaya wa kowa ba. Ni na gano da kaina, ranar da na dawo daga makaranta na tarar wake yana ƙonewa a kan murhu, ƙauri ya cika gidan har zaure, ita kuwa tana zaune dab da tukunyar tana tsintar shinkafa hankalinta kwance. Na sauke tukunyar. Ta dubi hayaƙin, ta dube ni, sannan ta ci gaba da tsintarta.

Ga wata matar wannan ƙaramin rashi ne, wata ma cewa za ta yi ta huta da warin kwata. Amma Iya 'yar Borno ce, kuma turaren wuta ne sana'arta tun kafin a haife ni. A garinmu, kafin rikici ya tashe mu, amarya ba ta tarewa sai da kwalaben Iya a cikin kayanta. Ita ke soya itacen hawi da sandal a cikin sukari, ta daka gajiji da farce, wato ɓawon nan na teku mai kama da farcen mutum, ta jiƙa su da madarar turare, ta rufe a tulu su yi ta tsumuwa. Ba ta da ma'auni sai hanci. Za ta buɗe tulu ta shaƙa, ta ce da saura, ko ta ce ya nuna. Da muka zo Gombe bayan rasuwar Baba, muka kama ɗaki biyu a wani gidan haya a Bagadaza, wannan sana'ar ce ta riƙe mu, ita ce kuma ta sa matan unguwa suka san da zamanmu.

Bayan zazzaɓin sai ta daina karɓar aikin kowa. Mata su zo da roƙo, ta ce musu bayanta ke ciwo. Na gida kawai ta ci gaba da haɗawa, da abin da hannunta ya haddace, kuma ko tsinke ɗaya ba ta yarda ya fita waje da sunan kyauta. Ta ce ba za ta ba mutane abin da ita kanta ba ta san mene ne ba. Ni kuwa na san turaren bai lalace ba, amma faɗa mata ɓata baki ne.

"Ke 'yata ce," in ji ta. "Ko tsumma na ƙona za ki ce da daɗi."

"To maƙwabta fa? Matar ɗakin can ta ce tun daga bakin titi take sanin kin kunna kasko."

"Me kike so ta ce? Ta dubi tsohuwa 'yar gudun hijira ta ce mata kayanki wari suke?"

Haka muke yi da ita. Ina da saurin fushi, a wurinta na gaje shi, sai dai ita nata a ciki yake ci, nawa kuwa a baki. Abin da ke damuna shi ne ina ganin tana ƙanƙancewa a gabana. Matar da ke cika tsakar gida da magana ta koma mai zaman bakin ƙofa. Hannunta ne kaɗai abin da ta fito da shi daga garinmu, ga shi ta fara zargin shi ma ya mutu bai yi mata sallama ba.

Abu ɗaya ne ba ta bari ba. Iya ba ta yarda wani abu ya fita daga ɗakinta bai sha hayaƙi ba. Kafin in gama karyawa ta zuba garwashi a kasko, ta kifa kabbasa a kai, wato kwandon nan mai faɗin ido da ake shimfiɗa tufafi a kansa, ta baza mayafina da farar rigar aikina da jakata. Ko takardu ba su tsira ba. Tun ina firamare malamai ke gane littafina ba sai sun duba suna ba.

A lokacin ina karatun digiri na biyu a fannin fiziks, a wata jami'a nan cikin gari. Aikina awon gas ne. Idan na faɗi haka mutane sukan ɗauka tukunyar girki nake cika wa mata a gidan mai, har na gaji da gyara musu. Ga yadda abin yake. Komai na duniya da ƙwayoyin zarra aka gina shi, kowace ƙwaya kuma tana da wasu 'yan mitsi-mitsi da ke kewaye ta, ana ce musu ilektiron. Akwai ma'adinan da ke tofar da ɓurɓushi mai tsananin gudu wanda ido ba ya gani. Idan ɓurɓushin ya ratsa ta cikin gas, sai ya riƙa ɓantare ilektiron daga ƙwayoyin da ya ci karo da su. Ba za ka ga mai wucewar ba, amma za ka iya tattara ɓarnar da ya bari, domin abin da ya ɓantare wutar lantarki ce 'yar kaɗan. Da wannan dabara ake gina na'urorin gano ɓurɓushi, manya da ƙanana, har da waɗanda asibitoci ke auna ƙarfin hasken ɗaukar hoto da su. Nawa aikin shi ne in gano, a kowane haɗin gas, ƙarfi nawa ɓurɓushin ke kashewa kafin ya ɓantare ilektiron guda.

Kayan aikina ba su da wani kwarjini. Tukunyar ƙarfe ce mai murfi da ake ɗaurewa da kusoshi, a cikinta faranti biyu suna fuskantar juna. Ina cika ta da agon, gas ɗin da masu walda ke aiki da shi, in surka da ɗan irin wanda ke sa lemon kwalba kumfa, yau kaɗan, gobe in ƙara. Ma'adinin da ke tofar da ɓurɓushin bai fi maɓallin riga ba, yana zaune cikin akwatin dalma a kulle. Sai wata tsohuwar na'urar awo mai allura, wadda muka aro daga wata jami'ar da sharaɗin mu mayar idan damina ta wuce. Wutar da nake aunawa, in aka ajiye ta kusa da ta tocila, ɗigon ruwa ne a gefen madatsar Dadin Kowa. Shi ya sa ba a barin farantan su taɓa jikin tukunyar. Wasu fararen zobba ne na roba mai tauri ke riƙe da su, kuma dole zobban su kasance tas, domin ko maiƙon yatsa ya taɓa su, wuta ta sami hanyar sulalewa.

Na taɓa zama na yi wa Iya wannan bayani tiryan-tiryan. Ta saurara har ƙarshe tana tauna goro, sannan ta ce, "Wato ke ma haɗi kike yi."

"Kusan haka."

"To Allah ya haɗa mu. Ke kina haɗa abin da ba ki gani, ni ina haɗa abin da ba na ji."

Ta yi dariya, ni ban yi ba.

Da damina ta kankama sai aikin ya ƙi. Ƙa'ida ita ce, idan an cire ma'adinin daga tukunya allura ta koma ta kwanta a kan sifiri, tun da babu abin da ke ɓantare komai. Tawa allurar sai ta ƙi kwanciya. Ta ɗaga, ta yi ta rarrafe zuwa dama a hankali. Duk awon da aka yi a kan haka shirme ne, domin ba ka san wace wutar ce ta gas, wace ce ta ɓarauniyar hanya ba.

Farfesa, malamin da ke duba aikina, dattijo ne Batangale mai sanyin magana, Hausarsa ba ta damu da raba mace da namiji ba. Ya tsaya a bayana ya daɗe yana kallon allurar, sannan ya ce, "Malama, wutanka yana yoyo. Ka duba zobe."

Muka ɗora laifin a kan danshi, domin ɗakin gwajinmu a ƙasan bene yake, bangonsa gumi yake yi duk damina. Na ciro zobban na wanke da sipirit. Na'urar busarwa tana nan, amma wutar da za ta kunna ta sai an yi sa'a. Sai na yanke shawarar in riƙa tafiya da su gida ranar Juma'a, in shanya su a rana cikin kwanon gilashi mai murfi, Litinin in dawo da su a bushe. Da hantsaki nake ɗaukarsu, in naɗe kwanon da farin ƙyalle, in ajiye a can saman akwati.

Litinin na mayar da su, allura ta tashi fiye da da. Na sake wankewa, na sake kai su gida. Litinin ta zagayo, abin ya ƙara lalacewa. Na zargi wayoyi, na canja su. Na zargi na'urar aro. Na zargi mai sayar da gas, har na je shagonsa a bayan Kasuwar Gombe na yi masa tatas, bawan Allah yana ta rantsuwa shi bai surka komai ba. Wata 'yar ajinmu ta ce ko in nemi a yi wa tukunyar addu'a, saura kaɗan in cinye ta ɗanya. Na rame, ga damina tana tafiya, ranar mayar da na'ura tana matsowa. Iya da ta ga haka sai ta ƙara ƙaimi wajen kula da ni. Kunun gyaɗa da safe, addu'a a bakin ƙofa, garwashin kasko kuma ya ƙaru.

Wata Litinin da hantsi ina buɗe kwanon a kan tebur sai Farfesa ya shigo. Ya zo wucewa ya tsaya, ya ɗaga hanci. Ya sunkuyo kan kwanon ya shinshina, ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau.

"Malama, wannan zobe amarya ne?"

"Ban gane ba, Farfesa."

"Shinshina ka ji."

Na shinshina. Ban ji komai ba sai ƙamshin da nake ciki tun ranar da aka haife ni, wanda ke jikin mayafina da fatata da gashina. Mai kwana a cikin abu ba ya jin sa. Sai da na fita waje na sha iska, na dawo na kai hancina, sannan ya bayyana: sandal, gajiji, da wannan zaƙi-zaƙin na soyayyen sukari. Na ɗaga zobe guda a hasken taga, na ga wani siririn sheƙi mai ruwan zuma kwance cikin zanen da injin yanka ya bari a jikinsa.

Farfesa ya zauna ya yi dariya har da share hawaye. Ya ce hayaƙin turare maiƙo ne da danƙo, sukarin da ke ciki kuma jan danshi yake yi, sipirit ba ya iya cire shi duka. Watakila tun farko ma daga rigar aikina abin ya fara. Wato duk mako ina toshe wa wuta hanya, ana sake buɗe mata ita a gida. Ni dai dariyar ba ta zo mini ba. Fushi ne ya fara zuwa. Na hau keke mai ƙafa uku ina shirya maganganun da zan zazzage mata, tun daga ƙofar jami'a har Bagadaza ban gama shirya su ba.

Na same ta zaune a bakin ƙofa. Kafin in buɗe baki ta riga ni.

"Yaya 'yan zobban naki? Na ga kina lallaɓa su kamar ƙwai, na ce to waɗannan su ne zuciyar aikin. Sabon haɗi na yi musu na kansu, irin na amare, cikakke, wanda rabona da yi tun kafin ciwon nan. In kin shiga wanka sai in buɗe kwanon in ɗora su a kabbasa. Ban taɓa su da hannu ba, da cokali nake juya su, na ga ke ma ba ki taɓawa."

Fuskarta a sake take, irin sakewar da na daɗe ban gani ba. Maganganun da na shiryo suka koma ciki. Na ce, "Suna nan lafiya, Iya."

Gaba kura, baya siyaki. In na faɗa mata gaskiya, na tabbatar mata da abin da take tsoro, cewa hannunta ɓarna yake yi yanzu. In na ci gaba da kawo zobban, aikina ya nutse. Sai na zaɓi shiru. Farfesa ya sa wani mai injin yanka ƙarfe ya yanko mana sababbin zobba, na ajiye su a ɗakin gwaji cikin gwangwani mai murfi. Allura ta kwanta a kan sifiri abinta, awo ya fara tafiya yadda ake so. Rigar aikin ma na daina kawo ta gida. Jaka kuma sai in saɓe ta in fice kafin garwashi ya kama, ina cewa na makara.

Iya ba ta jin ƙamshi, amma idonta ras yake. Juma'a ta zo babu zobba, ba ta tambaya ba. Wata Juma'ar ta zo ta wuce. Sai wata safiya na fito daga wanka na ga babu hayaƙi. An wanke kasko an tura shi ƙarƙashin gado tare da kabbasa. Mayafina yana ninke a kan kujera, ba abin da ke tashi a jikinsa sai sabulu.

"Iya, yau ba turare?"

"Gawayin ya jiƙe."

"Ga busasshe can a buhu."

Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Da kin faɗa mini tun farko. Wa ya yi miki magana a makarantar? Tun yaushe kike yawo da wari a jikinki kina rufa mini asiri?"

Ban taɓa jin maganar da ta soke ni kamar wannan ba. Na durƙusa a gabanta na faɗa mata komai, tun daga allura har dariyar Farfesa. Na ce ba wari ba ne, turaren ne ya kama zobban ya ƙi fita, shi ne wutar take bi ta kansa. Ta saurara har ƙarshe kamar yadda ta saba, sannan ta gyaɗa kai.

"Kin iya tsara magana. Boko bai faɗi ƙasa banza ba. Wai turare ya hana ƙarfe aiki."

Ta ɗauka ƙirƙira na yi don in lallashe ta. Nan raina ya ɓaci, irin ɓacin da ba ka san wa za ka sauke wa ba. Na miƙe na ce, "To gani ya kori ji. Tashi ki shirya."

Iya ba ta taɓa shiga jami'a ba. Ta naɗa lafayarta mai ruwan toka, ta zauna a keke a miƙe har muka isa. A ƙofar ɗakin gwaji ta cire takalmi. Na ce ba masallaci ba ne, ta ce ba ruwana. Farfesa ya miƙe tsaye ya tarbe ta.

"Sannu da zuwa, Mama. Kai ne mai turaren?"

"Ni ce mai laifin," in ji ta.

Ya ce ba sai an buɗe tukunya ba. Ya ɗauko wasu 'yan ƙarafa biyu, ya matse sabon zobe a tsakaninsu, ya haɗa da na'urar, ya ba da wuta. Allura ta ɗan zabura ta koma ta kwanta. "Wannan bai je gidanka ba," in ji shi. Sannan ya ɗauko ɗaya daga cikin tsofaffin ya sa a wurin. Allurar ta tashi, ta yi ta tafiya dama a hankali har ta kusa ƙure gilashin.

Iya ta matso har goshinta ya kusa taɓa na'urar. Ta ce a sake, aka sake. Sai ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, na san wannan kallon, zarginmu take yi mun haɗa baki. Ta karɓi hantsakin daga hannun Farfesa, ta ce mu juya mata baya. Muka juya, ni da dattijon da ɗalibai ke rawar jiki in sun hango shi, muna kallon bango. Ta cakuɗa sababbin zobban da tsofaffin a kan tebur yadda ita kaɗai ta san wanne ne wanne, domin in ba a hasken taga ba, a ido duk ɗaya suke. Muka juyo, ta riƙa miƙo masa yana sawa. Duk wanda ya je gidanmu allura ta tashi, duk wanda bai je ba ta kwanta. Farfesa ya ce da ɗalibansa za su riƙa zarginsa haka, da ya huta.

"Wannan abin ya san ni?" Iya ta tambaye shi.

"Bai san kowa ba, Mama. Ni ma da nake zama da shi kullum bai san ni ba."

"Ba ya jin kunyar tsofaffi?"

"Ko kaɗan."

Ta juyo gare ni. "Sau nawa kika wanke su?"

"Har na daina ƙirgawa. Da sipirit, da burushi."

"Kuma bai fita ba."

"Ga shi kina gani."

A wurin masu turare, kamawa ita ce shaida. Ƙamshi kowa na iya sayowa a kwalba. Abin da ke raba gwana da 'yar koyo shi ne a wanke zane, a shanya, a goge, turaren yana nan daram. Haɗin da bai yi ba hayaƙi ne kawai, iska ta kwashe shi kafin ka kai bakin titi. Mu duk mun sha gaya mata nata yana kamawa, amma mu muna sonta, shi ya sa shaidarmu ba ta karɓuwa.

Ta zauna a kan doguwar kujerar da ke gefen tebur, ta buɗe tafin hannunta a kan cinya ta daɗe tana kallo. Sannan ta ɗago ta ce wa Farfesa, "Ku yi haƙuri da ɓarnar da na yi muku." Da gaske take, sai dai gefen bakinta ya ƙi ba ta haɗin kai, murmushi yana neman ƙwacewa. "Amma ku daina wahalar da yarinya da wanki. Ba zai fita ba."

Farfesa ya ce ya yarda. Ya naɗe zobe guda a takarda ya ba ta, ya ce sauran zai riƙe don nuna wa ɗalibai abin da ake nufi da tsabta.

A hanyar komawa an ɗan yi yayyafi an ɗauke. Mai keke ya bi da mu ta Kumbiya-Kumbiya yana kauce wa ruwan da ya kwanta a titi. Ban san inda zuciyar Iya ta sauka ba. Can sai ta warware takardar, ta kai zoben hancinta, ta ja dogon numfashi. Na ga kafaɗunta sun ɗaga sun sauka. Babu abin da ta ji, kuma babu na'urar da za ta gyara wannan.

Sai ta miƙo shi saitin hancina.

"To faɗa mini. Yaya yake?"

Tun da ciwon ya same ta ba ta taɓa tambayata haka ba. Ni ce kullum ke cusa mata yabo tana turewa.

"Yana da daɗi, Iya."

"Ba wannan na tambaye ki ba. Me ya fara zuwa?"

Na rufe ido na shaƙa sosai, na nemo shi a ƙarƙashin ɗan warin sipirit. "Sandal ne farko. Sai gajiji ya biyo baya. Sukarin yana can ƙasa."

"Farcen bai yi ƙauri ba?"

"Bai yi ba."

"Gajijin fa? Bai danne sandal ɗin ba?"

Bakina ya saba da cewa a'a. Na sake shaƙa, sannan na ce, "Ya ɗan danne shi. Kaɗan."

Na buɗe ido ina tsoron abin da zan gani. Iya tana gyaɗa kai, idonta ya cika da ruwa, fuskarta kuwa ta mai sana'a ce da aka kawo wa aiki.

"Na yi zargin haka. Hannuna ya yi nauyi a wurin, na ji a jikina lokacin da nake zubawa." Ta naɗe zoben ta ƙulle a bakin lafayarta. "Ranar Asabar ba ki da makaranta. Za ki zauna kusa da ni in na buɗe tulu. Ke ki shaƙa, ni in zuba. Amma in kika yi mini kara sau ɗaya, na sallame ki."

Na ce to. Na juya fuskata wajen titi, don kada mai keke ya ga ina kuka ta madubi.